Awa Ɗaya da Rabi Zuwa Yola

Kulu ta riga ta zauna cikin motar Yola a tashar Birnin Kebbi, da ƙullin kayanta a cinya, sai ga autanta Faruk ya faɗo tashar bisa kabu-kabu kamar an koro shi. Tun asuba ta baro Argungu, don an bugo waya cewa yayanta Kalilu, wanda kamun kifi ya kai Jimeta ta Yola shekaru aru-aru, yana kwance rai a hannun Allah, kuma ba ya kiran sunan kowa sai nata.

"Inna, sauko! Kwana za ki yi bisa hanya? Dibi nan." Ya miƙo mata waya, sai ka ce ta iya karatun boko. "Daga nan zuwa Yola awa guda da rabi na cikin jirgin sama."

"Kai dai bar ni in tahi da abin da nis sani."

Ina! Ɗan boko in ya ga abu a waya, ko limamin Juma'a bai isa ya musa masa ba. Ya fizge ƙullin, ya kira matar Kalilu a gaban jama'a yana ɗaga murya: "Ku hwaɗa ma Kawu kahin azahar Inna tana nan!"

A filin jirgi na Ambursa ne aka fasa ƙwai. Mai sayar da tikiti ta ce babu jirgin da ke tashi daga nan ya nufi Yola. Abin da wayar ta auna tsakanin gari da gari ne a miƙe, yadda shamuwa ke tafiya. Mutum kuwa sai ya sauka Abuja tukuna. Kulu ta ce a mayar da ita tasha, Faruk ya sunkuyar da kai, don shi ma ya san mota ta yi nisa.

Da yamma suka sauka Abuja, jirgin Yola ya daɗe da tashi. Washegari aka yi ta ɗaga lokacin tashi, ana ba su haƙuri ta lasifika. Haƙurin me? Kulu ta zauna bisa kujerar ƙarfe, ta ƙi shayin da Faruk ya sayo, ta ƙi ko kallonsa. Da ba ita ta haife shi ba, wallahi da ta zage shi tas.

Bayan la'asar suka shiga layin gidan Kalilu. Maza ne ke dawowa a jere, ƙafafunsu duk jar ƙasa, wasu samari na jingine makara a bango. Nan take Kulu ta gane ba ta iske shi da rai ba. Ta kuma san mace ba ta zuwa maƙabarta, ko tudun kabarin ba za ta gani ba.

Ummu Hani, matar mamacin, ta rungume ta a tsakar gida, ta ce da hantsi ya cika.

"Ya san ina tahe?" in ji Kulu.

"Ai tunda Faruk yac ce kahin azahar, bai yarda an tura ƙohwa ba. Har dare in ya ji ƙugin jirgi sai ya ce a tashe shi zaune, Kulu ta iso."

Faruk ya matso daga bakin zaure, ya buɗe baki zai yi magana.

"Kak ka ce mani komi," in ji Kulu. "Hita cikin maza ka amshi gaisuwa. In ka tahi ka ga kabari, ka zo ka hwaɗa mani awa nawa na daga nan."