Taswirar Ustaz Falalu

Ustaz Falalu ya ce ruwa ba zai kai makabarta ba. Ruwa kuwa ya kai.

Shekarar da aka ƙara wa dam ɗin Rusairis tsawo, aka ce ƙauyukan bakin kogi su tashi. Lajnar gwamnati, wato kwamitin tashin, ta tambayi dattawa: a kwashe matattu zuwa sabon gari, ko a bar su? Ba mai son tone iyayensa. Sai aka kira Ustaz, wanda ya shekara ashirin da bakwai yana koyar da jugrafiya a sakandare. Ya shimfiɗa taswira a kan tabarma, ya bi layuka da yatsa, ya ce tudun makabarta ya ɗara inda ruwa zai tsaya da mita biyu. Aka yarda. Damina ɗaya tudun ya nutse.

Uwar Gado tana can ƙasa. Gado masunci ne, aji uku ya yi ya tsere. A sabon gari, inda gidaje suka jeru iri ɗaya kamar akwatunan sabulu, ƙuri'a ta haɗa shi katanga da Ustaz. Shekara biyu Gado bai ce masa ina kwana ba. Ba shi kaɗai ba. A masallaci ana gaida Ustaz da baki, ba da hannu ba. Ɗalibai suka laƙaba masa Mita Biyu har ya ajiye alli. 'Yarsa tilo tana aure a can garin Madani. Ba wanda ya tuna cewa matarsa Ruƙayya ma tana cikin tudun nan.

Wata safiya Gado yana ɗinkin raga, ya ji ana buga katanga da sanda.

"Gado."

Muryar Ustaz ce. Gado ya ci gaba da ɗinkinsa.

"Na san kana ji. Ka tahi da ni cikin murkab ɗinka."

"In kai ka ina? Ka auno mita biyun?"

"Faɗi, haƙƙinka ne. Amma ka kai ni."

Gado ya leƙa. Mutumin ya ƙare, jallabiya a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa. Gado ya yi tsaki, ya je ya ɗaura wa jaki amalanke, ya kai shi bakin ruwa inda murkab, jirginsa na su, yake.

A kan ruwa ba gida, ba gona, ba hanya. Gado da aka haifa a nan bai san inda yake ba. Ustaz ne ke ba da umarni daga gaban jirgi, yana numfashi da ƙyar.

"Sa dutsen can a bayanka. Ka ga kan kukar da ya leƙo? Tuƙa har ta zo daidai tsagin dutse na biyu. Kaɗan. Halas, ya isa, tsaya."

Gado ya tsaya.

"Hajja Amina, uwarka, tana nan ƙarƙashin filafilinka. Taki huɗu gabas, Ruƙayya."

"Wannan ma taswira tag gaya maka?"

"A'a. Wannan da ƙafata na auna, kowace Juma'a, shekara tara." Ya yi tari, ya tofa a gefe. "Waccan taswirar ta Turawa ce, ta girme ni. Da na ce a ba ni kwana biyu in taka tudun da ma'auni, da na gane. Amma dattawa sunka zuba min ido. Na ji kunyar in ce ban sani ba."

"Kunya," in ji Gado. "Mutum ɗari uku."

"Ɗari uku da goma sha ɗaya."

Ustaz ya ciro takarda daga aljihu ya miƙa masa. Kaburbura ne jere, kowanne da sunan mai shi.

"Ni ba na karatu, Ustaz."

"Akwai masu yi. Daga hannuna ba za su karɓa ba."

Gado ya cusa takardar cikin hula. Ya ɗaga hannu ya karanta Fatiha, ya ji muryar Ustaz tana bin tasa. Bai ce ya yafe ba. Ustaz ma bai roƙa ba.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, Gado ya ji kajin makwabcinsa suna kuka a akurki, ba a buɗe musu ba. Ya haura katanga. Ustaz yana kwance a kan angarib, gadonsa na igiya, fuska gabas, tabarau a ƙirji. Ya riga ya yi sanyi.

Gado da liman suka yi masa wanka. Mutum bakwai suka tsaya sallar. 'Yar ta iso bayan an gama. Aka rufe shi a sabuwar makabarta, cikin baƙar laka mai tsagewa, tafiyar rabin yini daga Ruƙayya, inda ruwa ba zai kai ba.

Liman ya manna takardar a bangon masallaci. Mutane suka yi ta nemo sunayen iyayensu, ba wanda ya tambayi wa ya zana.

Ran Juma'a da safe Gado ya tura murkab shi kaɗai. Ya sa dutse a bayansa, ya daidaita kuka da tsagi, ya gaishe da uwarsa. Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya tsoma filafili, ya matsa taki huɗu gabas.