Ƙusar da Ke Bangon Falo

Shekara talatin da ɗaya ƙusar nan tana kafe a bangon falon Mai Hoto, daidai saman doguwar kujera, kuma ba a taɓa rataya mata komai ba. Shi ya kafa ta da hannunsa a satin da suka tare, don hoton matarsa. Mutumin da aikinsa yake rataye a falon rabin mutanen unguwa, ga nasa bangon fayau. Abin yana ci masa rai ƙwarai, sai dai ba ya faɗa, alhali abubuwan da ba ya faɗa a duniya ba su da yawa.

Ba wai bai ɗauke ta ba ne. Ya ɗauke ta a tsaye, ya ɗauke ta da goyo, ya ɗauke ta a gaban keken ɗinkinta. Matsalar ita ce gyara. Fuska ba ta taɓa fita daga shagon Mai Hoto yadda ta shigo ba. Tun zamanin kyamara mai fim yake bin ƙuraje da tamoji da fensir mai tsini, da kwamfuta ta zo kuwa sai ta ƙara masa hannu. Tsohuwa ta shiga ta fito sa'ar jikarta. Shi ya sa 'yan unguwa suka laƙaba masa Dutsen Guga, shi kuma ya ɗauki sunan a matsayin kirari.

Matar tasa, Mai Ɗinki, tana da abubuwa huɗu da guga ba ta taɓa barinsu a hoto. Haƙorinta na gaba ɗaya ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. Tabarau ya yi mata 'yan ramuka biyu a karan hanci. Furfura ta leƙo ta gefe guda na ɗankwali. Sai babbansu, tabon da ya raba girarta ta hagu biyu, wanda ta samu ranar da katakon ajiye kaya ya faɗo mata a kai. Shi ya kafa katakon, a satin da ya kafa ƙusar. Ya daɗe da goge maganar daga kansa, kamar yadda yake goge tabon daga takarda.

Duk sa'ad da ya kawo mata sabon hoto, sai ta gyara tabarau ta dube shi da kyau, ta ce, "Kai, kyakkyawa ce. 'Yar gidan wa ce?" Ta miƙa masa abinsa, ta koma kan keke. Hotunan suna nan cike da durowa guda.

Ana nan sai waya ta cinye sana'ar. Kowa ya zama mai hoto, kowa ya zama dutsen gugar kansa. Shagon, wanda ɗakin gaba ne na gidan, ya koma wurin da ƙuda ke hutawa a kan labulen nan mai zanen teku. Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, mai gyaran waya ne, shi ya zo wata safiya ya durƙusa a bakin ƙofa yana kallon takalminsa.

"Baba, akwai wani gari a cikin kwamfuta," in ji shi. "Kowa yana shiga da surar da ya zaɓa wa kansa. Suna da gidaje, suna da tufafi, kuma suna son hoto. Masu ɗaukar can ba su san haske ba."

"'Yan tsana zan ɗauka da tsufana?"

"Mutane ne a bayansu, Baba."

Da wani ne ya faɗa da ya sha zagi, amma suruki ba a yi masa tsawa, sai dai a yi gyaran murya. Mai Hoto ya yi gyaran murya har sau uku, sannan ya matsa masa kujera. Da ɗan gari akan ci gari. Kafin la'asar an buɗe masa shago a can, da fitilu da labule da komai.

Gaskiya garin ya burge shi da farko. Shekara talatin yana lallashin rana, ga shi nan yanzu yana jan ta da yatsa ya ajiye ta inda ya ga dama. Ba mai atishawa, ba yaro mai kuka. Duk da haka sai ka ji shi yana ce wa allon kwamfuta, "Ɗaga haɓa. Kar a ƙifta." Sabo turken wawa.

Da aka zo gyara ne ya ga ta kansa. Ya ɗauki alƙalamin kwamfuta, ya matso da fuskar farko, ya nemi abin gogewa ya rasa. Fata sumul, haƙora a jere, kowa ɗan shekara ashirin da biyar. Garin da ba a tsufa, me dutsen guga zai yi a cikinsa? Ya yi sati yana jin kansa kamar wanzami a garin masu sanƙo.

Ranar Litinin ta biyu wani dogo mai faɗin kafaɗa ya dawo da hotonsa yana ƙorafi a rubuce, wai an rataya nasa kusa da na maƙwabcinsa, matarsa ta kasa gane wane ne wane. Mai Hoto ya fusata. Don mugunta kawai ya ɗiga masa ƙurji ja a gefen hanci, ya tura masa. Yana jiran zagi sai ga godiya layi uku. Washegari dogon ya zo da abokansa biyar, kowa yana son nasa ƙurjin.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Cikin wata biyu ba wanda ya kai shi suna a garin. Shi ke saka tamoji, shi ke saka kaushin leɓe, shi ya san yadda ido ke yi in mutum bai samu barci ba. Duk abin da ya share a shekara talatin yana nan ajiye a kansa, sai ɗebowa. Kuma da yake ba ya iya yin abu ba tare da ya mai da shi darasi ba, sai ya fara yi wa matarsa bayani a kan tabarmar cin abinci.

"Kin san wani abu, Maman yara? Fuskar da ba tabo allo ne ba rubutu. Tabo shi ne tarihin mutum. Mutane ba su gane wannan ba."

"Haka ne?" in ji ta.

"Ni na gano shi."

"Allah ya ƙara basira, Baban yara." Ta kwashe kwanuka. Da yamma surukin ya zo gaishe ta, suka daɗe a ɗakin ɗinki, wai wayarta ce take ba ta wahala.

Bayan kwana biyu wata baƙuwa ta shigo shagonsa na can. Doguwar riga shuɗiya, ɗankwali, fuska irin ta kowa. Rubutunta a hankali yake fitowa, da gani da yatsa ɗaya take yi. Kullum bayan abincin rana take zuwa, kuma abin da ya yi wa Mai Hoto daɗi, daidai lokacin ne keken ɗinki yake yin shiru a ɗakin baya. Har ya ce a ransa, ashe Maman yara ta fara sanin darajar aiki.

Rana ta farko ta ce tana son tabo a girar hagu, wanda zai raba ta biyu. Ya gyara zama, don nan ne fagensa. Ya rubuta mata cewa tabo iri-iri ne, na gilashi daban, na wuƙa daban, na faɗuwa daban, sai ta gaya masa me ya jawo shi.

"Katako ne ya faɗo," ta rubuta. "Wani gwani ne ya kafa shi."

"Allah ya raba mu da gwanayen banza," ya amsa, ya kama aiki.

Wani zai ce ai ko makaho ya gane. To, makaho yana shafa fuska ya ji abin da ke kanta. Mai Hoto kuwa in ya kalli matarsa, idonsa ya riga ya yi gugar kafin hoton ya isa kansa. Ya yi awa uku a kan girar nan. Ya cire gashi ɗaya-ɗaya, ya sa bakin tabon ya ɗan yi haske, ya karkata shi kamar yadda kusurwar katako za ta sauka. Da baƙuwar ta ce ya ɗan ƙara tsawo ta sama, ya ƙara, ya ga lallai ta fi shi gaskiya.

Rana ta biyu haƙori. Ta uku ramukan tabarau da faɗin hanci. Ta huɗu furfura a gefe guda, da wasu layuka biyu a gefen baki, irin na mai yawan danne dariya. Ya jawo rana ya ajiye ta ƙasa-ƙasa ta hagu don hasken ya bi ta kan girar. Da ya ja baya ya duba, sai ya kasa ɗauke ido. Bai taɓa yin aiki irin wannan ba, kuma ya sani. Matar da ke allon kamar za ta buɗe baki ta faɗi maganar da za ta hana mutum sakat har gobe. Ya ji yana son ya san ta, har ya ɗan ji kunyar hakan.

"Maman yara! Zo ki ga aiki."

Ta fito da tef ɗin awo a wuya, tana tura wayarta cikin aljihun riga. Ta tsaya a bayansa ta daɗe tana kallo. Ya jira ta tambayi 'yar gidan wa ce.

"Wanke mini wannan," in ji ta. "Babba. Shi zan rataya."

Mai Hoto ya juyo da kujera gaba ɗaya. "A ƙusata?"

"Ƙusa nawa ce a falon?"

"Shekara talatin da ɗaya ina kawo miki hotonki kina mayar mini. Yau kuma 'yar tsana, baƙuwar da ban san daga inda ta fito ba, ita za ki ɗora mini a bango? Me zan ce wa mutane in sun tambaya?"

Ta miƙa hannu ta kunna tsohuwar fitilar shagon, wadda ta yi wata shida ba a taɓa ta ba, ta ja ta ƙasa-ƙasa ta hagu. Ta zauna a kujerar masu ɗaukar hoto, ta cire tabarau ta riƙe a cinya.

"Dube ni, Baban yara. Ba gyara za ka yi ba. Dubawa kawai."

Ya duba. Ga girar, da tsawon da aka ce ya ƙara ta sama. Ga ramukan hanci, ga furfura, ga layukan nan biyu suna motsi a gefen baki. Ya kalli allo, ya kalle ta, ya sake kallon allo. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, da wani baƙin ciki a ƙarƙashinta, don ya tuna ƙarar katakon, ya tuna jini a kan sabon zanenta, ya tuna shi ya fara cewa ba komai, ba zai nuna ba.

"Gwanin nan da kika ce..." Ya nuna kansa da yatsa.

"Ai ka riga ka yi mana addu'a a kansa," in ji ta, ta mai da tabarau.

Surukin ne ya kawo hoton a cikin firam washegari, ya ajiye a bakin ƙofa, ya gai da Baba yana kallon takalminsa fiye da kullum, ya tafi. Mai Ɗinki ta hau kujera da kanta ta rataya, ta sauko ta karkata kai, ta ce ya yi daidai.

Mai Hoto ya shiga shago ya fito da tsohuwar kyamararsa, yana goge ƙurar gilashinta da gefen riga.

"Zauna in ɗauke ki, ke da kanki," ya ce a hankali. "Wallahi ba zan taɓa komai ba."

"Ƙusa ɗaya ce."

"Sai in kafa wata."

"A'a, kai da kafe-kafe a bangon nan an gama." Ta ɗaga kai ta dubi hoton. "Bar mini wannan. Da kyamara ƙiftawar ido za ka yi ka wuce. Wannan kuwa kwana huɗu ka zauna kana kallona."

Ta gyara tef ɗin awo a wuyanta ta koma ɗakin baya. Jim kaɗan keken ɗinki ya tashi, shi kuma yana nan tsaye a tsakiyar falo da kyamara a hannu.