Bargon da Ba a Haska Ba

Aikin mai na'ura a shingen bakin gada ba shi da wuya. Mota ta shiga rumfar ƙarfe, mutanen ciki su fito su tsaya bayan jan layi, shi kuma ya danna maɓalli. Na'urar ta watsa wa motar wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, niyutiron ake ce musu, su ratsa ƙarfe da katako su tona abin da ke ɓoye. In akwai abin fashewa, allo ya yi ja. Doka ɗaya ce: mai rai ba ya zama a ciki, don hasken yana yi wa jiki illa.

Da hantsi wata tsohuwar bas ta shigo. Direban ya sauko, amma bai matsa ba.

"Malam, bayan layi," in ji Dogo, mai gadin shingen. "Ko so kake a gasa ka?"

"Mahaifiyata ce a baya. Ɗazu ta cika a asibiti."

Mai na'ura ya leƙa ta taga. Wani abu ne a miƙe, naɗe cikin bargo.

"Allah ya jiƙanta," ya ce, da muryar da yake karanta lambar mota. "Ita babu abin da zai same ta. Bar ta a ciki."

"Ba zan bari ba. Tun da ta kwanta ciwo ake tura ta cikin injuna. Ya isa haka."

Direban ya buɗe baya, ya rungumo ta, ya je bayan layi ya tsaya da ita a ƙirji. Mai na'ura ya danna. Allo ya yi kore.

Ya san koren nan ba ya nufin komai. Fanko ya haska. A tsallaken gada akwai kasuwa, akwai makaranta, kuma da shi ne mai mugun nufi, haka zai yi.

Dogo ya sunkuyo. "Maigida, a buɗe bargon?"

Mai na'ura ya laluba zuciyarsa, bai tarar da tausayi ba, bai tarar da tsoro ba. Ya fito daga ɗakin na'urar, ya nufi direban.

"Kawo in kama maka."

Ya riƙe ta wajen ƙafafu, ya bar hannunsa ya zame ƙarƙashin bargon. Diddige ne mai kaushi, mai sanyi. Ya matsa zuwa idon sawu. Ƙashi ne da fata. Daga nan bai ƙara gaba ba. Suka kwantar da ita cikin bas a hankali.

"Na gode, ɗan'uwa," in ji direban. "Yau kai kaɗai ka kama min."

Dogo ya ɗage sandar, bas ta hau gada.

"Ashe dai kana da zuciya," ya ce.

Mai na'ura ya bi bas ɗin da kallo. Ƙafafu kawai ya taɓa, kuma bai san ko taimako ya yi ko bincike ba. Ya tsaya yana saurare ko zai ji ƙarar fashewa, har motar ta ɓace cikin sauran motoci. Bai ji komai ba sai ham ɗin motocin da ke jira.

Ya goge hannunsa a wando.

"Ta gaba."