Ƙudajen Yaya

Aikinta kiwon ƙudaje ne, irin ƙananan nan masu jajayen idanu da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. A cikin kwalabe take ajiye su a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, tana leƙa ƙwansu ta madubin ƙara girma. Cikin ƙwan, ƙwayoyin halitta kan matso kusa da juna, wani sinadari da ake kira furotin ya manne su kamar gam, sannan bangon da ke tsakaninsu ya buɗe, su zama tsoka guda. Akwai wani irin ƙuda a wurinta da ƙwayoyinsa ke mannewa amma ba sa haɗewa. Tsutsar ba ta samun ƙarfin fasa ƙwai, a ciki take mutuwa. Shekaru ta yi tana neman dalili.

Ƙanenta, autansu, tela ne. Tun yana saurayi tsokar jikinsa ta fara shanyewa. Ya bar keken ƙafa ya koma na lantarki, daga baya almakashi ma ya gagare shi. A gidanta yake zaune tare da mahaifiyarsu, a ɗakin da ke kusa da ƙofa saboda keken guragu. Duk ranar da ta dawo sai ya tambaye ta lafiyar 'ya'yanta ƙudaje, ya ce bai taɓa ganin matar da ke korar ƙuda a gida ta je ofis ta dafa masa abinci ba.

Wata safiya abin ya fito mata sarai. Furotin mai mannewa shi ke kiran wani na biyu, wanda ke tura ɗan tsini ya huda bangon. A irin nata, kiran ne ba ya isa. Ko cin abincin rana ba ta tsaya yi ba, ta taho gida da hoton ƙwayoyin a wayarta, ta zauna bakin gadonsa ta yi masa bayani.

Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Yaya, zai yi mini amfani?"

Ta so ta ce sai an gani. Bakinta ya ƙi.

"A'a, Auta. Ciwonka daban ne. Ko zai taimaki wani, ba yanzu ba."

Ya ce dama ya sani, kawai ya so ya ji daga bakinta ne. Ya sa ta riƙe masa wayar kusa da fuska, don hannunsa ba ya ɗagawa. Ya daɗe yana kallon kore da jan da ke hoton, ya ce wannan da yadi ne da ya ɗinka mata riga.

Bai ga fitowar sakamakon binciken a mujalla ba. Numfashi ya yi ta yi masa wuya, ya rasu a asibiti, tana riƙe da ƙafarsa.

Da ta koma aiki abokan aikinta suka rasa ta yi, gaisuwar rashi ko barkar nasara. Ta gode musu duka biyun, ta sa farar rigarta ta zauna gaban madubin ƙara girma. Ta yi ta murɗa shi hoton bai daidaita ba, sai ta cire tabarau ta goge idonta.