Ramuwar Maganin Baban Hawa

Mijina, Baban Hawa, direba ne, yana kai ruwa Tchibarakaten, wurin haƙar zinariya. Zuciyarsa na yi masa tsalle-tsalle, likita ya ɗora shi kan wata ƙwaya, safe da yamma. A wannan tafiya ya manta ta a gida. Da ya dawo Arlit ya rama sallolin da suka wuce shi a hanya, sannan ya zauna ya rama maganin ma, duka, da kofin shayi. Kai jama'a! Mutum da furfurarsa!

Ina tsakar gida na ji faɗuwarsa. Leɓɓansa sun yi toka-toka, zufa sharkaf.

A asibiti Likita Khalidu ya manna masa wayoyi a ƙirji, ya dubi na'ura, fuskarsa ta canza.

"Hajiya, me ya sha?"

Na miƙa masa kwalin, babu ko ɗaya a ciki.

"Duka? Innalillahi. Majo, bikarbonat, maza!"

Majo, babban ma'aikacin jinya, ya soka allura, ruwan ya soma shiga jijiya. Na ce mu kai shi Agadez mana. Likita ya ce hanyar nan za ta ƙarasa shi kafin mu yi rabi. Maganin ne ya birkita bugun zuciyar, dole a riƙe ta a nan har ya fita daga jini.

Na kama wuyan hannunsa. Bugun yana gudu, ya tsaya, ya sake gudu. Tsoro ya kama ni, ga haushi kamar in mare shi.

"Baban Hawa, wallahi in ka tafi a kan wannan shirmen ban yafe ba!"

Sai idanunsa suka juye. Na'ura ta hau ƙara.

"A matsa!" Likita ya ture ni, ya dafa masa ƙarafan lantarki biyu a ƙirji. Jikinsa ya zabura. Shiru. Aka sake.

"Ya dawo," in ji majo.

Na koma na cafke hannun. Aka rataya wata kwalbar, aka ƙara wata. Can bayan la'asar bugun ya daidaita a ƙarƙashin yatsuna, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, sake shi haka, ya tsallake," in ji likita.

Na ce to. Yatsuna suka ƙi buɗewa, sai da majo ya ɓamɓare su.