Ku Kira Min Auta

Yayarmu ba ta iya roƙon Allah a hankali ba. Idan ta buɗe baki, umarni take bayarwa: ciwo ya fita, zazzaɓi ya sauka, Shaiɗan ya kwashe kayansa. Kuma ba zan ci zalinta ba, na sha ganin waɗanda ta yi wa addu'a sun miƙe.

Da aka kwantar da Mama a asibiti, a gadon ƙarshe kusa da taga, likita ya ja mu gefe ya ce ƙodarta ta gama aiki, a sanar da 'yan'uwa. Yaya ta ɗaga masa hannu. "Mun ƙi wannan rahoton."

Mama kuwa abu ɗaya take so. Shekara bakwai ke nan da ta kori autanmu, ranar da ya sayar da keken ɗinkinta ya shanye a gidan giya. Ta ce kada ya sake taka mata ƙofa, shi kuma ya riƙe maganar.

"Ku kira min Auta," in ji Mama. "In janye bakina kafin in tafi."

"Tafiya ina, Mama?" Yaya ta dafa mata goshi. "Ruhun mutuwa, na tsawata maka cikin sunan Yesu! Fita daga bakin uwata!"

Sannan ta juyo kaina. Wai kiran mutum ya zo ban kwana sa hannu ne a takardar mutuwa. Wanda ya kira shi, shi ya buɗe wa maƙiyi ƙofa.

Lambar Auta tana wayata. Tafiyar awa biyar ce tsakaninmu da shi. Amma na ji tsoro, tsoro na gaske, kada in kira shi, Mama ta cika, a ce ni ce. Kwana uku ina fita baranda, in danna sunansa, in kashe, in koma ina cewa amin kamar sakarya.

Rana ta uku da safe, nas tana sauya ledar ƙarin ruwa, Mama ta sake cewa a kira shi. Yaya ta cika ƙirji da iska za ta fara. Mama ta kama mata hannu. Matar da ko cokali ba ta iya riƙewa!

"Cikin sunan Yesu, ki yi min shiru. Tun kafin a haife ki nake hira da shi. Ke," ta dube ni, "kira min ɗana."

Na kira. Ko tambaya bai yi ba, ya ce ga shi nan. Da ya iso, har an naɗe katifar.

Ranar jana'iza Yaya ta karɓi lasifika a coci, ta ba da shaida cewa Mama ta tafi da nasara, da sunan Yesu a bakinta. Aka yi tafi. Na cije leɓe har na ji gishirin jini.

Auta yana bencin baya, da rigar aikinsa ta kanikanci, duk baƙin mai. Da aka watse ya tare ni a bakin ƙofa.

"Anti, ta ambace ni?"

"Ta yafe maka. Kwana uku tana kiran sunanka."

Ya tsaya yana lissafi da ido.

"Kwana uku?" Ya dubi wayar da ke hannuna. "Ai ban sauya lamba ba, Anti."