Jan Yadin da Bai Ga Ruwa ba

Baba Direba ya yi shekara da shekaru yana juya babbar mota a kan titi bai taɓa buge ko akuya ba, amma 'yar allurar ɗinkin nan ta mai da shi abin tausayi. Kafin zare ya shiga sai ya ɗauko tabarau, ya koma bakin taga, ya lashi bakin zaren, ya zagi wanda ya ƙera allurar, sannan zaren ya ga dama.

Ba sha'awa ce ta jefa shi wannan wahala ba. Matarsa ce mai sha'awar. Tun da yara suka girma ta tsiri haɗa bargo da ƙyallaye. Ta yanka su gida-gida, ta jera fari kusa da ja, ta sa auduga a tsaka da shafi a baya, sannan ta bi da ɗinkin hannu ƙanana kamar sahun tururuwa. Da 'yar autarsu ta samu ciki sai ta fara na jariri. Ta kai rabi ciwo ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Shi kuwa, da bakin nan nasa da ba ya shawara da shi, ya dubi Auta a gaban mutane ya ce, "Share hawayenki. Ni zan ƙarasa shi. A ciki za a naɗe jikana."

Faɗa da baki ba wuya. Ƙyallayen marigayiyar suna saman durowa, kowane launi a cikin tsohuwar rigar filo, don ta ce leda tana sa yadi gumi har ya yi fumfuna. Fari kam ga shi nan jibge. Ja ne ya ƙare, sai 'yan guntaye da ba su isa komai ba. Ya ɗauki ɗaya ya tafi kasuwa, ya bi shago-shago yana karawa har ya samu mai kama da shi sak. Ya dawo yana jin kansa, ya shimfiɗa, ya sa almakashi.

A nan ne ya tsallake abu guda. Akwai wata shuɗiyar roba da matar take ajiyewa a bakin famfo, kullum da sabon yadi a jiƙe a ciki. Sau nawa ya yi tuntuɓe da ita! Sau nawa ya ce, "Wai ke, yadi sabo fil daga shago, wane datti gare shi da za ki jiƙa?" Ita kuwa sai ta ce, "Kai dai ji da motarka." Iyakar bayanin ke nan, shi ma bai taɓa tsayawa neman ƙari ba. A wurinsa tsirfa ce irin ta mata. Bayan rasuwarta ma shi ya kife robar a bayan ɗaki.

Haka ya yi ta fama. Ya ɗinka, ya karkace, ya farke, ya sake. Yatsunsa suka zama rariya. Wani lokaci ya yi jifa da bargon ya fita ƙofar gida yana huci, can kuma ya dawo ya ɗauka yana karkaɗe masa ƙura. Ranar da aka ce za a sallamo Auta daga asibiti da ɗanta namiji, ya ƙulle zare na ƙarshe. Rabin da ya ɗinka bai kai nata kyau ba, ko makaho ya shafa zai gane, amma dai bargo ya zama bargo. Sai dai duk ya sha dauɗar hannu da ɗigon jinin yatsa, ba yadda za a sa jariri a ciki. Ya ɗauko robar nan ya zuba ruwan ɗumi da sabulu, ya tsunduma shi, ya tafi yin aski.

Da ya dawo, ruwan ya koma ja wur.

Ya fizgo bargon. Ya ɗauraye, ya matse, ya sake ɗaurayewa, famfo na zuba yana zuba masa ashar. Aikin banza. Sabon jan ya zuba, ya bi duk fararen gidajen ya rine su. Ya kuma tsuke, ya tattaro ɓangarensa ya yamutse kamar fuskar mai shirin kuka. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya ƙona masa rai shi ne rabin matar, wanda ta bari fes, shi ma jan bai ƙyale shi ba. Tsofaffin jajayenta kuwa ko gezau, don su sun sha ruwansu tun tana raye. Ya tsaya yana kallon robar. Ashe abin da take yi ke nan. Haushin kansa ya kama shi har ya rasa wanda zai zaga.

Yana shanya shi a igiya ya ji tsayuwar mota. Auta ta shigo a hankali da jariri a kafaɗa, mijinta na biye da kaya. Ta tsaya cak a tsakar gida.

"Baba, shi ne wannan?"

"Shi ne. Na ɓata shi. Bari ya bushe in farke nawa, ko rabin uwarki ya tsira."

"Ai shi ma ya rinu, Baba."

"Na gani! Ina da ido!"

Ba ta ji haushin tsawar ba. Ta miƙa wa mijinta jaririn, ta matsa ta kama gefen bargon, ta bi ɗinkin uwarta da yatsa har inda ya ƙare, na ubanta ya fara tafiyar maciji. Sai ta hango robar a bakin famfo da jan ruwa a ciki. Dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye.

"Ba ka jiƙa yadin ba, ko? Kar ka farke komai, a haka zan naɗe jikanka a ciki. Amma wallahi Baba, da Umma na nan, yau da ka sha faɗa har kunnenka ya toshe."

Baba Direba ya sunkuya ya tuntsurar da ruwan, ya bi shi da ido har ya shige magudana.

"Da na tsaya na saurara kuwa," ya ce. "Ko kalma ɗaya ba zan mayar mata ba."